Abin da Na Cire a Bas ɗin Hajiya Binta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ƙofar Na'isa, Kano.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya tsare ki a hanyar da za ki bi, Ya tsare ki a garin da za ki sauka, Ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da aka tura ki aiki. Amin.

Kada ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata ne da ke. Kunya biyu ke nan ta haɗu mini, shi ya sa tun tasowarki zancena da ke bai cika wuce "an tashi lafiya" da "Allah Ya yi albarka" ba. Amma mako mai zuwa za ki tafi Abuja, kuma shekaranjiya kin yi mini wata tambaya na yi shiru.

Kin tsaya a bakin gareji kika ce, "Baba, an leƙa ƙarƙashin motar nan da na saya, wai an cire mata katalis tun kafin ta zo hannuna. Can kuma an ce sai an sa mata na'ura a salansa kafin a ba da takardar lafiyar mota. Ai kai ne gwanin abin, ka yi mata 'yar dabara mana ta wuce." Kika yi dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta goge hannu da tsumma, alhali hannun ba datti.

To ga amsarki: ba zan yi ba. Ki kawo motar ranar Litinin da hantsi, na riga na samo katalis mai kyau, da hannuna zan ɗaura miki. Wannan magana ta ƙare. Dalilin ne yake da tsawo, ki yi haƙuri ki karanta.

Lokacin da motocin Kwatano suka fara cika gari, ina aikin salansa a ƙarƙashin maigidana, marigayi Malam Iliya. Wata rana aka kawo mana mota ta rasa ƙarfi, ko an taka totur sai nishi. Da muka shiga ƙarƙashinta muka ga wata tukunyar ƙarfe tsakanin inji da salansa, irin wadda tsofaffin motocinmu ba su da ita. Ita ce katalis ɗin da ake faɗa. Na sa wuta na yanka ta. Ummi, har yau ban manta abin da na gani ba. Wani dutse ne mara nauyi, an huhhuda shi kamar saƙar zuma, sai dai ƙofofinsa sun fi na zuma ƙanƙanta, allura ce kawai za ta shiga. Rabinsa ya toshe da baƙin ƙuna. Na ɗaga shi saitin rana na leƙa ta ɗaya rabin, sai ga haske ya ratso ta kowace ƙofa a miƙe sak, ba wadda ta karkace ta shiga 'yar'uwarta.

Malam Iliya ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, "Subhanallah. Sabo, wanda ya zauna ya yi wannan ba don wasa ya yi ba. Ban san aikinsa ba, amma yana da aiki."

Ni kuwa ƙuruciya na ɗibata. Na sa rodi da guduma na farfashe shi, na zazzage, na mayar da tukunyar ba komai a ciki. Mota ta tashi da gudu, mai mota ya yi ta sa mini albarka. Daga ranar na zama mai ba da fatawa. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Ai wannan na ƙasar sanyi ne, a nan toshe mota kawai yake yi." Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na ƙirƙira, na yi ta maimaitawa har na yarda da kaina.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Maigidana ya ce bai sani ba, girmansa bai ragu ba. Ni na ji kunyar faɗin haka, sai na cike gurbin da ƙarya. Ke ma'aikaciyar jinya ce, mutane za su riƙa kallon bakinki kamar duk abin da ya fito daga cikinsa yankan wuƙa ne. Idan aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki je ki tambayo. Kuma duk abin da kika tarar an ajiye a wuri, kada ki kawar da shi don kawai ba ki ga amfaninsa ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don shi da sanina na yi.

Bayan na buɗe garejina, 'yan gwangwan suka fara zagayowa suna neman dutsen nan. Suka ce akwai wani ƙarfe mai tsada da aka shafa a jikin ƙofofin, ana fitar da shi waje a tace. Abin da nake zubarwa a bola ashe dukiya ne. Da farko wanda ya toshe kawai nake ba su. Sannu a hankali hannuna ya miƙa kan lafiyayyu. A kawo mini mota don gyaran wani abu daban, in cire dutsen, in mayar da tukunya in yi walda, in shafe wurin da baƙin mai don kada a ga sabon aiki. Ina gaya wa kaina ai ban cuci kowa ba, tunda abin ba shi da amfani. Kin ga yadda ƙaryar farko ta yi wa ta biyu shimfiɗa.

Kin san Hajiya Binta ta Kabara, tsohuwar hedimasta, wadda da ta yi ritaya ta sayi ƙaramar bas ana kai yaran unguwa makaranta a bayan ganuwa. Ni nake duba mata motar. Da ƙanwarki Hanifa ta isa shiga firamare, Hajiya da kanta ta ce, "Malam Sabo, kai kana kula da lafiyar motarmu, mu ma bari mu kula da 'yarka. A riƙa tsayawa ana ɗaukarta, ba na son ko sisi." Duk Sallah kuma sai ta aiko mana da alkaki, kin sha ci.

Wata rana aka kawo bas ɗin salansa na ƙara. Na gyara ƙarar. Ina kwance a ƙarƙashinta na ga tukunyar nan, babba, lafiyayya. Na tsaya jim. Na tuna alkaki, na tuna Hanifa. Sannan na kunna wuta na yanka. Da yamma Hajiya ta bugo waya tana cewa, "Kai, Malam Sabo, mota ta yi shiru kamar sabuwa. Allah Ya saka da alheri." Na ce amin.

Ummi, mafi munin cin amana shi ne wanda ake yi maka godiya a kansa. A asibiti za a miƙa miki mutane suna kwance ba su san inda kansu yake ba. Ko kin ba da magani a kan lokaci ko ba ki ba ba, ko kin wanke hannu ko ba ki wanke ba, godiya ɗaya 'yan'uwansu za su yi miki. Kada godiyarsu ta zama ma'auninki. Ki ji tsoron wurin da ba mai leƙawa.

Aka yi kusan shekara a haka. Sai takardun bas ɗin suka ƙare, lokacin kuma an buɗe wurin duba lafiyar motoci da na'ura. Direbanta ya ce mata akwai masu kawo takarda har gida ba sai mota ta je ba. Hajiya ta ce, "Ni malamar makaranta ce. Ba zan ɗauki 'ya'yan mutane da takardar bayan fage ba." Ta roƙe ni in kai motar da kaina tunda ni na san ciwonta.

Ban ji ko ɗar ba. Shekara talatin ina karanta hayaƙi da ido. In baƙi ne, fetur ya yi yawa. In shuɗi ne, inji na shan baƙin mai. In fari ne, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Bas ɗin Hajiya kuwa ko ɗigon hayaƙi ba ta yi. Tukunya tana nan a wurinta, wanda ya leƙa zai ga komai cif.

Wurin wani dogon ɗaki ne mai tsabta, da rami a tsakiya. Aka hau da tayoyi kan wasu ƙarafa masu juyawa aka gwada birki, ya yi. Aka gwada fitilu, sun yi. Sai wani jami'i, dattijo mai furfura da tabarau rataye a wuya, ya jawo wani siririn tiyo ya zura a bakin salansa. Har yau ban san sunansa ba, Malam kawai nake ce masa. Ya ce in ɗan taka totur. Na taka. Lambobi suka fara gudu a allon kwamfuta, suna hawa, suna hawa, sai allon ya yi ja.

Na sauko na ce, "Malam, anya na'urar nan lafiyarta ƙalau? Dubi bakin salansa, ai ba hayaƙi."

Ya ce, "Wanda ake gani ba shi ne mai kisa ba."

Ya gangara cikin rami da tocila, ya ƙwanƙwasa tukunyar da bayan yatsa. Ta yi ƙara kamar gwangwanin madara da aka shanye. Ya daɗe yana haska wurin, sannan ya ce, "Waldar nan ta yi kyau. Hannun wa ne?"

Ki ji rashin kunyar zuciya: sai da na ji daɗin yabon kafin na ce, "Nawa ne."

Da ya hau, na matsa kusa da shi, na sa hannu a aljihu na dunƙulo wani abu, na ce, "Malam, a taimaka, motar wata baiwar Allah ce. Ga wannan a sha ruwa." Bai ɗaga murya ba. Ya kalli hannun nawa kamar yadda kuke kallon ƙurji, ya ce, "Mayar. Zo in nuna maka wani abu."

Ya zare tiyon daga salansa ya ɗaga shi sama cikin iska, har lambobin suka sauka suka koma ba komai. Ya buɗe ƙofar baya ya ɗage shimfiɗar ƙasa. Tsatsa ta ci ƙasan motar ta yi 'yar ɓula, daidai saman inda na yanka. Waldar tawa da ake yabo kuwa ashe ta tsage ta sama, inda hannu ba ya kai wa sosai. Ya rufe ƙofofi da tagogi, ya zura tiyon ta 'yar kafa ya ɗora shi a kan kujerar ƙarshe, inji na aiki. Muka tsaya muna kallon allo.

Ummi, lambobin suka fara motsi. A hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na manna fuskata a gilashi ina kallon cikin motar. Ba hayaƙi, ba ƙura, kujeru ne kawai da hasken rana a kansu. Amma ga na'ura tana faɗin akwai wani abu a wurin, yana taruwa.

Malam ya nuna wani guntun fensir a ƙarƙashin kujera ya ce, "Yara ake ɗauka?"

Na ce, "Yara."

Ya ce, "Na bayan nan ba sa yawan barci a hanya? Ba sa kukan ciwon kai?"

Na zauna a bakin ramin. Hanifa ce ake fara ɗauka da safe, ita ce ake saukewa a ƙarshe, don haka kujerar ƙarshe ta jikin taga ita ce wurinta. Kin tuna shekarar da take dawowa tana riƙe da kai, wani lokaci har da amai? Kina makarantar jinya lokacin. Sau biyu kina kai ta asibiti, aka gwada zazzaɓin sauro ba a samu ba, aka gwada idonta lafiya lau. Kin zo kin same ni kika ce, "Baba, abin nan yana ba ni mamaki, ranar Asabar da Lahadi ba ta yinsa." Na ce miki rana ce da ƙin karatu.

A zaune a wurin nan, tsoro da mamaki suka haɗu suka rufe ni. Ashe a cikin iskar nan da muke shaƙa muna ganin fayau take, Allah Ya sanya abubuwan da ido ba ya kama su, hanci ba ya jin su. Kuma Ya sanar da ɗan Adam yadda zai ƙera wani ɗan tiyo da zai shinshino su ya faɗa. Abin da na yi a kwance ni kaɗai, na shafe da baƙin mai, ga shi an rubuto a allo kowa na gani. Na ce a raina, in na'urar da mutum ya ƙera ta iya ba da shaida haka, ina ga ranar da hannun da ya yi waldar ne da kansa zai yi magana?

Malam ya cike takardarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Ba zan tara maka mutane ba. Aikina shi ne in ce motar nan ba ta wuce ba, kuma ba ta wuce ba. Kada a sake sa yaro a ciki sai an gyara. Je ka ka dawo."

Ki riƙe wannan. Wanda ya ƙi karɓar abin hannunki ya hana ki wucewa, wataƙila shi ne mafi ƙaunarki a ranar. Kada ki zage shi a zuci. In kuma ke ce a bakin ƙofa wata rana, ki yi irin ta dattijon nan: ki hana, amma kada ki tozarta. Da ya yi mini tsawa, da na sami abin yin fushi da shi na manta laifina. Da bai yi ba, sai ya bar ni da kaina.

Kwana uku ina yawo kafin na sami lafiyayyen katalis na irin motar. Na ɗaura, na yanke ruɓaɓɓen ƙasan na sa sabon faranti. Da na koma, Malam ya ce in kashe inji ya huce tukuna, yana so in gani da idona. Aka tayar. Da farko lambobin suka hau kamar wancan karon. Ya ce, "Dakata, bari ta yi zafi." Muna tsaye, sai suka fara gangarowa da kansu, suna sauka, suna sauka, har allon ya koma kore. Na durƙusa na kalli bakin salansa, sai ga ruwa yana ɗiga, tas kamar raɓa.

Na ce, "Malam, me yake yi a ciki?"

Ya ce, "Ba ya motsi, ba ya shan mai, ba ya ƙara. Guba ce take bi ta ƙofofin nan, tana taɓa jikinsu sai ta juye ta zama abin da ya fi sauƙi. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na yi ta maimaita Subhanallah. Dutse a cikin duhu, a cikin wuta, yana yi wa mutanen da ba su san da shi ba hidima shekara da shekaru. Ni kuma na yi rabin rayuwata ina bin sa da guduma.

Ban kai motar gidan Hajiya na ajiye mukulli kawai ba. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a soro, ta fito ta zauna daga bakin ƙofa. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta yi ta jan carbinta. Can ta ce, "Malam Sabo, abin da ka ɗauka nawa ne, na yafe. Amma iskar da yaran nan suka shaƙa ba tawa ba ce da zan yafe. Suna da iyaye." Ta lissafa mini gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Na bi su. Wani ya zage ni tas, na tsaya na ji. Wata ta rufe ƙofa ban gama magana ba. Wani ya ce sai mun je gaban hukuma, daga baya ya aiko a ce ya bar ni da Allah. Akwai wani tsoho marini a Ƙofar Mata, kakan wasu tagwaye da suke zama kusa da Hanifa. Na same shi a bakin karofi yana tsoma zane, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya saurare ni bai daina aikinsa ba. Da na gama ya ɗago hannu ɗaya ya ce, "Ka ga wannan? Duk wanda ya gan ni ya san abin da na taɓa. Kai naka aikin ba ya kama fata, shi ya sa ka daɗe a ciki. Tashi ka je, Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Na koma wurin Hajiya na ce na gama. Ta ce, "Gida nawa ka shiga?"

Na ce, "Goma sha uku."

Ta ce, "Gidajen yarana goma sha huɗu ne, Malam Sabo."

Ba ta sake tayar da zancen ba har Allah Ya karɓi abinsa bara. Allah Ya haskaka kabarinta.

Na iya tsayawa a ƙofar baƙi a zage ni, amma na kasa zama a tsakar gidana in faɗa. Ciwon kan Hanifa ya tafi, mahaifiyarku ta ce addu'a ce ta karɓu, ke kika ce ta yiwu girma ne, ni kuma na yi shiru na bar ku a haka. Wannan ne kuskurena na ƙarshe da zan gaya miki, kuma shi ne wanda har yanzu ban fita daga cikinsa ba. Neman gafarar na nesa yana da sauƙi, don in ka juya baya ba za ka sake haɗa ido da shi ba. Na gida ne mai wuya. Kada ki bari ya yi tsawo irin nawa.

Ke kika yi ta zirga-zirgar asibiti da yarinyar nan. Ke kika lura da abin da ya kamata a lura da shi, kika kawo mini, na kashe miki gwiwa da ƙarya don in rufe abin da ban ma san ina rufewa ba. Hankalinki daidai ya ba ki a ranar. Ki ci gaba da yarda da shi ko da babba ne ya ce miki ba haka ba ne. Ki yafe mini, uwata.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan tara mahaifiyarku da Hanifa in gaya musu da bakina. Ina so a yi kina nan, kafin ki tafi. Ki zauna kusa da ƙanwarki. In kin ga na fara kewaye-kewaye, ki ɗago kai ki kalle ni, na ba ki izini.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki fara aiki a sa'a. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani, Ya ciyar da ke halal, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta tozarta a wurinSa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sabo mai salansa